Golan da Ya Tafi Helmand

Ja'afaru haifaffen Handsworth ne a Birmingham, ɗan wani likita Bakano. Yana shekara goma sha tara wani ƙaramin kulob a Manchester ya ɗauke shi gola, ya yi kakar wasa uku yana tsare musu raga. Ana cikin haka abokin karatunsa ya dawo daga yaƙin Afghanistan babu ƙafa ɗaya. Da kulob ya kawo sabon kwantiragi, Ja'afaru ya ƙi sa hannu, ya shiga soja.

Mahaifiyarsa ta ce, "Ƙwallon ma da ƙyar muka yarda, yanzu kuma army?"

Ya ce, "Umma, medic zan zama, jinya zan yi."

Wata shida ya yi a lardin Helmand na Afghanistan yana ɗaure raunukan sojoji da na mutanen ƙauye, har ranar da bam ya tashi kusa da motarsu, kunnensa na hagu ya mutu. Bayan an sallame shi ya gwada komawa raga, amma ba ya jin kiran 'yan bayansa, sai ya haƙura. Yanzu a motar asibiti yake aiki, yawanci wajen titin Oxford Road a Manchester. Yakan bar wa abokin aikinsa tuƙi, saboda a Ingila direba ta damansa yake zama, ɓangaren kunnen da yake ji da shi.