Zangon Farko na Uzairu Tela

Malam Uzairu tela ne a Titin Bauchi, a wani ɗan shago da ke kusa da tashar mota. Kakansa ya zo Jos daga ƙasar Sakkwato zamanin haƙar kuza, bai koma ba. Shi Uzairu a nan aka haife shi, a nan ya koyi ɗinki, kuma shekara talatin da wani abu yana kan keke ɗaya, yana ɗinka kaftani da kayan 'yan makaranta. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ya ce Laraba, to Laraba ce.

Matarsa Binta ta rasu a farkon shekarar 2003. Tun suna da ƙuruciya take cewa tana son su je ziyara Hubbare a Sakkwato, shi kuma kullum ya ce sai ɗinkin sallah ya wuce. Bayan rasuwarta da wata bakwai ya tara 'yarsa Madina da mijinta Salim, ya shaida musu zai tafi, kuma a ƙafa.

"Baba, ga mota tana tashi kullum," in ji Madina.

"Na san da ita. A gabanta nake wuni."

Salim ya yi ƙoƙarin nuna masa cewa addini bai ɗora masa wannan wahala ba. Uzairu ya saurare shi har ya gama, ya ce Allah ya yi albarka, ya ci gaba da naɗe bargonsa. Da suka ga ba zai fasa ba, sai gardama ta koma kan inda zai kwana a ranar farko.

Madina ta ce ya kwana gidanta a Farin Gada, tunda a kan hanyar Zariya take, ya tashi da asuba. Ya ce wanda ya kwana gidan 'yarsa bai fara tafiya ba, baƙunci ya je. Salim ya ce to ya daure ya kai Jengre, akwai limamin da ya sani a can. Uzairu ya ce kakansa ya faɗa masa fatake ba sa nisa ranar farko. Kusa da gari suke yada zango, don ƙafa ta san abin da ke gabanta, in kuma an yi mantuwa a koma a ɗauko.

"To ina ke nan?" Salim ya tambaya.

"Garin Mista Ali. Gidan Badung."

Badung Kirista ne, ɗan ƙabilar Birom, mai gyaran keken ɗinki. Shekara ashirin rumfarsa tana jikin shagon Uzairu. A rikicin Satumban 2001 aka ƙone rumfar, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen gari. Ba su yi faɗa da Uzairu ba, ko kalma ɗaya. Kawai dai hanyar da ɗaya ke bi ta zama wadda ɗayan ba ya bi, har shekara biyu ta wuce.

"Ya san kana zuwa?" in ji Madina.

"Bai sani ba."

"In ya rufe maka ƙofa fa?"

"Akwai masallaci a bakin titi."

Ya tashi ranar Asabar da hantsi, da jaka, da buta, da sabon takalmin kambas da Madina ta saya masa. Motocin Saminaka suka riƙa rage gudu a gefensa, yana ɗaga musu hannu su wuce. Kafin ya kai Mista Ali dunduniyarsa ta dama ta fara zafi. Ya tambayi masu sayar da rake gidan mai gyaran keke, aka nuna masa wani gida mai shingen kyarana a bayan coci.

Badung yana zaune a ƙofar gida da kan wani keken ɗinki a cinyarsa. Ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubawa.

"Oga Tela. Kekenka ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Wurin kwana nake nema."

Ya faɗa masa inda za shi da dalili. Badung bai ji rasuwar Binta ba. Ya cire hularsa ya ce Allah ya ji ƙanta, sannan ya ƙwala wa matarsa Kaneng kira ta kawo ruwa. Da Uzairu ya cire takalmi, Badung ya ga dunduniyar ta tashi ta ɗuri ruwa.

"Da wannan za ka je Sokoto? Ko Jengre ba za ka kai ba."

Ya ɗauki takalmin ya jiƙa bayansa, ya bubbuga shi da guduma a kan dutse har ya yi laushi, ya liƙa masa tsumma daga ciki. Kaneng ta kamo kaza, ta miƙa wa Uzairu wuƙa ta ce, "Malam, yanka da hannunka, don ka ci da kwanciyar rai." Ta yi tuwon acca. Da magariba ta yi, Badung ya shimfiɗa masa buhu mai tsabta a tsakar gida, ya nuna masa gabas da sukuddireba.

Sun yi hira a kan teloli, wanda ya mutu da wanda ya koma Bauchi, da yadda allurar yanzu ba ta da ƙarko. Maganar rumfa sau ɗaya ta taso. Uzairu ya ce, "Ranar nan ina cikin shago. Na ji, ban fito ba." Badung ya ce, "Da ka fito, da yanzu ba ka nan." Daga nan ya tambaye shi ko har yanzu yana sa wa kekensa man gyaɗa, abin da ya sha hana shi.

Da gari ya waye Badung ya raka shi har bakin titi. Ya ba shi sunan wani ƙanin matarsa da ke aikin gona kafin Jengre, ya ce in ƙafa ta ƙi, ya tsaya can.

Kwana talatin da ɗaya Uzairu ya yi a hanya. Ya kwana a masallatai, da zauren masu unguwa, sau biyu a gidan mai. Ya yi ziyararsa, ya yi wa Binta addu'a, ya nemi ƙauyen kakansa aka ce masa an tashe shi tuntuni. Ya dawo a mota rana ɗaya, ana saura kwana kaɗan azumi, ya tarar da yaduka sun taru a shago. Washegari ya hau keke.