Filin Malam Iliya a Gonar Labbo

Shekara ashirin da shida Malam Elijah ya yi yana koyar da kimiyya a Adabka, har mutanen gari suka gaji da lanƙwasa harshe suka mayar da shi Malam Iliya. Mutumin Zuru ne, siriri, mai taurin kai a kan abu guda: darasin taurari ba a yin sa a cikin aji.

Duk shekara, idan dawa ta fi mutum tsayi, sai ya kwashi ɗalibai da hantsi zuwa gonar maƙwabcinsa Labbo. Shekarar farko suka tattake kunya uku, Labbo ya kwana bakwai yana faɗa. Da damina ta zagayo kuwa, sai ya bar wani ɗan fili a tsakiyar gonar, faɗin tabarma biyu, bai shuka komai ba.

A nan Malam yake tsayar da yara ya ce su duba gefe. Kara ne kawai. Su ɗaga kai, ga sarari, har da shaho can nesa. Sai ya ce haka duniyarmu take a cikin wani makeken garken taurari, shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Masana in sun duba ta gefe, taurarin gida ke tare musu ido. In sun duba ta inda ba cunkoso, sai su hango waɗansu garkunan. Siffar na nesan ce ma ta taimaka musu suka gane ta namu, domin wanda ke ciki ba ya ganin gidansa gaba ɗaya.

Da ya yi ritaya, 'yan'uwa suka matsa masa ya koma Zuru, tunda hanyoyi sun zama abin tsoro. Ya tattara ya tafi kafin ruwan farko, a ransa ai dama shi baƙo ne a Adabka.

Wata biyar ya yi a gida, kewa ta hana shi sakat. Ana maganar coci da dangi, shi yana tambayar direbobi ko ruwa ya wadata a Bukkuyum, yankin da Adabka take. Daga can ne ya ga Adabka gaba ɗayanta, ya kuma ji kunya, don darasin da ya daɗe yana koya wa yara ne bai ɗauka ba.

Ya hau mota, ya ƙarasa a babur. An riga an ba sabon malami ɗakin da ya bari, bai san ko yana da sauran wuri a garin ba. Maimakon ya shiga gari, sai ya kutsa cikin dawar Labbo.

Filin yana nan, an ma nome ciyawarsa. Labbo ya ji motsi ya leƙo, fartanya a kafaɗa. Malam ya tambaye shi don me ya bar wurin bai shuka ba, alhali ya san ya tafi.

"Wurinka na, Malam," in ji Labbo. "Mi zan shibka ciki?"

Malam Iliya ya zauna a ƙasa. Ran nan bai iya ɗaga kai ba.