Labbo Mai Gangar Noma a Gaban Kyamara

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Jega ranar kasuwa ya san muryar Labbo, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne tsohon nan siriri kamar karan dawa, mai tsayawa bakin bas yana kiran, "Maiyama, Maiyama, saura mutum ɗaya." Wannan mutum ɗayan kuwa, ni dai tunda nake zuwa tashar ban taɓa ganin ya iso ba. Sauran 'yan kamasho ihu kawai suke yi, shi kuwa Labbo jan kalmar yake, ya lanƙwasa ta, ya sauke ta a hankali, har matar da za ta Aliero ta tsinci kanta tana leƙen motar Maiyama.

Muryar nan ba don tasha aka yi ta ba. A Fagada aka haife shi, gidan manoma, kuma gaskiya ɗaya ce: Labbo bai taɓa iya noma ba. In aka ba shi kuyya guda ta gero, wato layin shuka ɗaya, ya nome, sai rana ta take yana tsakiyarta, ya jingina da hauya yana rera waƙa. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji. Daga baya ya lura in yaron yana waƙa, yayyensa sun fi sauri, sai ya sayar da ɗan akuya ya saya masa ganga, ya ce tunda hannun ba shi da amfani a yi da bakin.

A zamanin nan gayya ake yi. Mai gona ya dama fura, ya kira maza, su jeru kowa da kuyyarsa. Aikin Labbo shi ne ya tsaya a gabansu yana fuskantarsu, ganga a rataye, yana tafiya da baya suna bin sa. Ba shi ke ba hauya sauri ba, saran hauyar yake saurare ya ɗora kiɗa a kai, sannan ya ɗan ƙara, su ma su ƙara ba su sani ba. Yana kiran mutum da sunansa da na uwarsa, wanda aka kira ya ɗaga hauya sama ya ce, "Ga ni," sauran su amsa waƙar. Kuma a Fagada ba a kiran sunan namiji a gona ya yi shiru.

A irin wannan tafiya da baya ya samu mata. Wata rana 'yan mata suka kawo fura, ya hango Uwani a cikinsu, ya manta akwai rami a bayansa. Shi da gangar suka shige, ƙafafu a sama. Uwani ta yi dariya har furar ta zube, kuma har yau in suka yi faɗa cewa take yi tausayi ne ya sa ta aure shi.

Sai maganin feshi ya zo. Mutum guda ya goya tanki a baya, kafin hantsi ya kashe ciyawar da maza ashirin ke wuni a kai. Samari suka koma aikin albasa a Aliero, kowa da waya a aljihu tana yi masa waƙa. Ba wanda ya kori Labbo, kiransa dai aka daina yi. Gangar ta koma bayan ɗaki, Uwani ta mai da ita wurin shanya kuɓewa, shi kuma ya nufi tasha.

Abin da ke ci masa rai ba tashar ba ce. Waɗanda suka taso daga baya ba su taɓa jin waƙarsa ba, kuma ba su yarda ya taɓa yin ta ba. In ya ce a majalisa, "Lokacin da munka yi gayyar gonar wane," sai a fara ƙyafta ido. Wanda ya fi kowa tsokana shi ne Nazir, dillalin albasa mai tumbi, ɗan marigayi Abdu.

"To Baba, a ɗan taɓa mana ko baiti guda mana," in ji Nazir.

"Waƙata ba ta zaune ba ce," in ji Labbo.

Sai a kwashe da dariya, a ce tsohon akwai cika baki. Labbo ya yi kamar bai damu ba, amma ya damu ƙwarai. Tsoronsa kada ya mutu Fagada ta riƙa tuna shi da saura mutum ɗaya.

Ana nan cikin damina sai ga Zinatu. Wata mata ce daga Birnin Kebbi mai shirya fim a kan tsofaffin mawaƙa, tana bin su garuruwansu tana ɗaukarsu suna waƙa da bakinsu. Ta zo wucewa ta tashar ta ji kiran Maiyama, ta tsaya cak. Ta tambaya, wani tsohon direba ya ba ta labari. Ta je ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, an ce kai ne mai gangar noma na Fagada."

Labbo ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ba wasa take yi ba. Rabon da a kira shi da wannan suna har ya manta. Suka yi magana za ta zo Fagada da safe ranar Asabar, amma ta gaya masa safiyar kaɗai gare ta, don daga nan Kuberi za su wuce wajen wata tsohuwa mai waƙar daka, kuma ba za su dawo ta nan ba.

Ranar bai ƙara kiran mota ko ɗaya ba. Ya koma gida ya kwashe kuɓewar Uwani, ya kai gangar aka sa mata sabuwar fata. Ya je wajen abokinsa Yari, wanda a da da wuya a kamo shi a gayya, yanzu kuma sai da sanda yake tafiya. Yari ne kaɗai a garin bai yarda da feshi ba, wai yana sa tuwo ɗaci, saboda haka gonarsa ciyawa ta kusa shanye gero. Labbo ya bi gida gida yana cewa kowa ya fito gonar Yari ranar Asabar, za a sa su a fim.

To, nan ya yi kuskure. Da ya ce gayya za a yi, da an fito da hauya. Amma ya ce fim, kuma mutumin Fagada ba zai yarda duniya ta gan shi cikin tsumma ba. Da gari ya waye sai ga maza suna ɓullowa cikin shaddar Sallah, ta sha bugu tana ƙyalli, ga hula, ga turare. An kafa rumfa a bakin gona, an jera kujerun roba, an shimfiɗa darduma. Shi kansa Labbo, Uwani ta tsare shi a ƙofar ɗaki ta zura masa babbar riga.

"Da wagga rigar zan shiga gona?" ya ce.

"Malam, in ka fita da waccan mai huji, kada ka ce ni ce matarka," in ji Uwani.

Zinatu ta iso da mai kyamara. Ta ga rumfa da darduma, ta ɗauka haka al'adar take. Aka zaunar da Labbo, aka maƙala masa ɗan makirufo a wuyan riga, aka ce bismillah.

Ya buga ganga. Sautin ya fito lafiya, amma bai san inda zai ɗora shi ba, don babu saran hauya ko ɗaya. Ya buɗe baki, wata 'yar murya ta fito a shaƙe, ta mutu a hanya. Ya yi gyaran murya, ya sha ruwa, ya sake. Haka dai. Ƙafafunsa sai motsi suke a kan darduma suna neman tafiya. Gumi ya keto masa. Can daga kujerun baya Nazir ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Saura mutum ɗaya." Dariya ta bi layin kujeru.

Zinatu ta dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa, ta tuna hanyar Kuberi in ta sha ruwa. Ta matso ta rage murya.

"Baba, in ba ka jin daɗi, ba komai. Sai mu ɗauki hira kawai."

Hira kawai. Wato a nuna wa duniya tsoho yana ba da labarin ya taɓa waƙa, abin da yake yi kullum a majalisa ana dariya. Labbo ya girgiza kai.

"Ɗiyata, manoma nika so. In babu masu noma, babu waƙa."

Zinatu ta juya ta roƙi jama'a ko mutum biyar su shiga gona. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban shaddarsa. Wani ya ce bai zo da hauya ba, wani ya ce bayansa na ciwo tun jiya.

Labbo ya miƙe. Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Uwani. Mai kyamara ya biyo shi da gudu ya mayar da makirufo a wuyan 'yar shararsa. Ya taka cikin gero ba takalmi, ya juyo ya fuskanci rumfa, ya buga ganga sau ɗaya.

"Yari na Iklima, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba."

Yari yana zaune a kujerar gaba, sanda a tsakanin ƙafafu. Ya yi tsaki, ya ce Labbo bai da mutunci. Sannan ya dafa kujera ya tashi da kyar, ya naɗe riga a kafaɗa, ya jawo hauyarsa daga gindin bukkar gonarsa. Ɗaga ta sama ya ɗauke shi lokaci.

"Ga ni," in ji Yari.

Ya sara. Ya huta. Ya sake sarawa. Ba a taɓa noma mai nawa irin wannan a Fagada ba, amma sara ne, kuma gangar ta same shi ta hau. Labbo ya ɗaga ƙafa ya yi taku guda da baya, sai muryar ta buɗe. Ba ta tasha ba, wata ce dabam, mai faɗi, da ɗan kaushin tsufa a gefenta. Matan da ke bayan rumfa suka daina hira.

Baki kuwa yana da abin da ya saba. A jerin gayya, wanda ke kusa da Yari kullum Abdu ne, kuma kafin Labbo ya yi tunani sunan ya riga ya fita.

"Abdu na Hindu, gajere mai doguwar kuyya, kai ka kai ƙarshen gona fura ba ta iso ba."

Ya bar gurbin amsa kamar yadda ya saba. Ba wanda ya amsa. Abdu ya kusa shekara ashirin a ƙasa. Labbo ya dubi kuyyoyin da ke gabansa, babu kowa sai Yari, ya tuna na kusa da Abdu ma ya rasu, da na kusa da shi. Hannunsa ya sassauta a kan ganga.

Sai aka ji kujerar roba ta faɗi. Nazir ne ya tashi. Yana yaro ubansa ya rasu, abin da ya sani game da shi kawai gajere ne kuma ba ya son magana. Ba wanda ya taɓa gaya masa ubansa kan riga fura isa ƙarshen gona. Ya shigo cikin gero da farar shaddarsa da takalmi sau ciki, ya tsaya a kuyyar da ke kusa da Yari. Ba shi da hauya, sai ya ɗaga hannu.

"Ga ni," ya ce.

Daga nan Labbo ya bi sunayen waɗanda suka rasu, bai tsallake kowa ba. Ya kira Atiku, ɗan marigayin ya fito. Ya kira Waliyyu, jikoki biyu suka fito suna gardamar wanda ya fi cancanta. Aka ruga gidajen kusa aka kwaso hauyoyi, wanda bai samu ba ya duƙa yana cirar ciyawa da hannu. Amshin ma da farko ba su iya ba, sai da Uwani da tsofaffin mata suka ɗauka daga bakin gona, maza suka kama. Shadda ta sha laka. Mai kyamara yana bin su yana tuntuɓe, Labbo yana tafiya da baya kamar ɗan shekara ashirin, Uwani tana ce masa ya kula da rami.

Yayyafi ya fara sauka daidai lokacin da suka kai ƙarshen gona. Zinatu tana share ido da gefen mayafi ta ce ko za a ɗan maimaita farkon, don mai kyamara bai kama fuskar Yari sosai ba.

"Ɗiyata, ciyawar ta ƙare," in ji Labbo. "Mi za su nome?"

Ta yi dariya, ta yi godiya, suka tattara kaya suka kama hanyar Kuberi kafin ruwa ya tsinke.

Labbo ya zauna a kan gangarsa yana haki. Mutane suna watsewa, kowa yana duban rigarsa yana tunanin abin da zai gaya wa matarsa. Nazir bai tafi ba. Ya zo ya tsuguna a gabansa, tafin hannunsa duk ya yi bororo.

"Baba, abin da ka ce wa babana, gaskiya ne ko daɗin waƙa ne?"

"Tambayi Yari. Shi kaɗai ke kamo shi, shi ma ba kullum ba."

Nazir ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa.

"Na sayo maganin feshi shekaranjiya," ya ce. "Ban fesa ba tukuna. Gonar baban nawa ce, ta bakin fadama, kuma akwai ciyawa sosai."

Labbo ya juya ya dubi Uwani, wadda ke tsaye da babbar riga a ninke a kanta tana tare ruwa.

"Kin ji ko," ya ce. "Ki nemi wani wurin shanya kuɓewarki."