Ranar da Inna Ta Ƙi Rabuwa da Tukunyar Gas

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, yayana Sanusi ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu a Bakura. Ya ɗauro wata jar tukunyar ƙarfe a baya, an tamke ta da igiyar roba kamar ragon da aka sayo a kasuwar Mafara, laka ta ɓata masa wando har gwiwa. Kafin ya gama kwance ta yaran unguwa sun cika zaure, wasu na cewa ganga ce, wasu na rantsuwa bam ne. Ya rungumo ta har tsakar gida, ya dire gaban mahaifiyarmu, ya ce, "Inna, ga itacenki. Wanga ba ya jiƙewa." Inna ta dubi tukunyar ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari, sai da ta dafa turmi kafin ya sake ta.

Tarin nan shi ya kawo tukunyar. Tun da na yi wayo nake ganin Inna durƙushe gaban murhu a wani ɗan madafi mai taga ɗaya, wanda hayaƙi ya mayar da rufinsa baƙi ƙirin. Da rani akwai karan dawa da busasshen itace da masu jakuna ke kawowa daga dajin Maradun. Da damina kuwa komai a jiƙe yake, sai ta yi ta hurawa da baki, idanunta jajur, hawaye na bin kumatunta, ga tuwon masu aikin gona na jira. Da aka kai ta asibiti a Mafara, likita ya ce ƙirjinta ya gaji da hayaƙi, in tana son kanta ta nisance shi. Sanusi da ke ɗinki a can ya ji wannan magana, bai shawarci kowa ba, ya haɗo tukunya da murhunta da tiyo.

Ni dai ban yi murna ba, kuma ba zan ƙawata kaina ba. Yarinya ce ni mai kunnen ƙashi da son yawo. Zuwa tsintar kara bayan an tashi makaranta shi ne damata ta fita da ƙawayena, mu bi bakin fadama, mu ci kanya da magarya, mu zauna ƙarƙashin tsamiya mu yi carafke har rana ta karkata, sannan mu ɗaure ɗan abin da ya samu mu dawo da ƙaryar cewa kara ya yi wuya. Tukunyar gas ta kashe mini wannan hanya. Saboda haka na shiga bayan Gwaggo, yayar Babanmu, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Gwaggo ba ta ko bi ta ƙofar madafin sai da addu'a. Kullum maganarta ɗaya ce: "Wuta wadda ba ta da toka, ba ta da hayaƙi, shuɗiya kamar ta aljanu, ita za a dahwa mini tuwo da ita?" Tana faɗa tana cin tuwon, har da neman ƙari. Ni kuma in kwashe maganar in kai makaranta, in ƙara gishiri, in ce muna kwana da bam.

Abu ɗaya Gwaggo take so a madafin, wato ɗuminsa. Sana'arta daddawa ce. In ta dafa kalwa ta wanke, sai ta zuba a ƙwarya ta lulluɓe da buhu, ta tura lungun madafi ta ja ƙofa, ta bar ta ta ruɓa. Duk wanda ya tashi a gidan mai daddawa ya san hancinsa ya daina tambaya. Kowane irin wari ya taso, cewa ake daddawa ce.

Wata Juma'a da hantsi muna sa ran baƙi, dangin mijin Gwaggo daga Maradun. An yi ruwa tun asuba, madafi na rufe, Inna ta leƙa maƙwabta aron manyan kwanoni. Sai wani wari ya cika tsakar gida, mai hawa kai, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ni na ji shi tun jiya da yamma, har na ji wani ɗan huci a bayan tukunyar, amma ana kirana wasan gaɗa a waje, ban tsaya gaya wa kowa ba. Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce daddawarta ta wuce lokaci, kuma ba za ta tarbi surukai gida na ɗoyi ba. Ta miƙo mini kaskon turaren wuta. "Ke Dije, tahi gidan su Larai ki ɗebo garwashi, ki shiga madahi ki turara shi lungu-lungu."

A garinmu haka ake yi. In wari ya dame ka, turare ne maganinsa, in kuma murhunka a mace yake, sai ka aiki yaro maƙwabta ɗibar wuta. Na tafi da gudu, na dawo da kasko cike da jan garwashi, Gwaggo ta barbaɗa turare, hayaƙi ya tashi mai ƙamshi. Na nufi madafin ina taku ɗai-ɗai kamar amarya. Hannuna na kan ƙofar ke nan na ji an fizgo ni ta baya, an doke kaskon ya faɗa cikin kwatamin ruwan sama, ya yi cuu. Inna ce. Ta watsar da kwanonin aro a zaure. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta tsaya dukana ba, ta ce kowa ya fita waje, kada wanda ya ƙyasta ashana, kada wanda ya taɓa makunnin lantarki. Ta ja numfashi, ta shiga ita kaɗai, ta rufe kan tukunyar, ta wangale ƙofa da taga, ta fito tana haki. Haka baƙin Maradun suka iske mu tsaye a ƙofar gida cikin laka, Gwaggo ba takalmi.

Da iska ta kwashe warin aka duba, ashe ɓera ne ya biyo ƙamshin kalwa, ya haɗa da tiyon ya gwaigwaye.

Bayan an sauko daga masallaci Baba ya tara mu a tsakar gida. Gwaggo ta riga ta yi kukanta a gabansa, maƙwabta sun aiko da nasu saƙon cewa bangonmu ɗaya da su. Baba mutum ne mai gudun fitina, ya ce gobe Sanusi ya zo ya ɗauke kayansa, a koma murhu. Na tabbata magana ta ƙare, don ban taɓa jin Inna ta musa masa ba. Sai ta gyara zama ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, tukunyag ga ba ta hita."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun ji ko? Sai ta tashi da mu tukuna!"

"Yaya, tukunya ba ta aiki kowa ɗibar wuta ba," in ji Inna, muryarta a ƙasa. "Bara wutar kara ta cinye rumbuna a bayan gari, wa ya daina girki da kara? Ni anka ce hayaƙi zai kai ƙasa, ba ku ba. In an mai da ni gaban murhu, ku sani kun zaɓa ne. Abin da ya lalace a gyara shi, a kira wanda ya san aikin."

  Sai Baba ya ce ba za a sake kunna ta ba sai mai aikin ya zo ya ce an yi daidai. Inna ta ce ta yarda, amma ba za ta durƙusa gaban itace ba kafin nan. Ta kuwa cika alkawari. Kwanakin da aka yi ana jira, ni da Gwaggo muka yi ta fama da jiƙaƙƙen kara, muna hurawa muna hawaye, Inna na zaune nesa tana tsince shinkafa. A kwanakin nan na san abin da ta shekara tana shaƙa, na kuma je da kaina na gaya mata na ji hucin tun farko na yi shiru. Ba ta zage ni ba, cewa ta yi daga yau hancina shi ne mai gadin gidan.

Sanusi ya zo da wani mai gyaran gas daga Mafara, Ɗanladi, da jakar kayan aikinsa. Ya ce ɗaki mai taga ɗaya ba wurin tukunya ba ne. Ya fitar da ita waje ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa, ya huda bango ya zura sabon tiyo mai kauri, ya ɗaure bakinsa biyu da ƙarfe. Wani saurayin maƙwabta ya zaro ashana wai a gwada ko tana yoyo, Inna ta warce ta daga hannunsa ta jefa kan rufi. Ɗanladi ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a duk mahaɗa, ya nuna mana cewa inda kumfa ta yi ta kumbura, nan iska ke fita. Babu inda ta kumbura. Daddawar Gwaggo kuma aka yi mata ƙaura zuwa tsohon ɗakin awaki, Gwaggo na mita har ta koma ga Allah.

Yau a Mafara nake aure, kuma da wuya ka shiga layi ba ka ga tukunyar gas ba, don dajin da ake saro itace ya zama wurin da mutum ke shiga da fargaba. Amma har yanzu ina ganin masu ajiye ta a ɗakin kwana, da masu gwada yoyo da ashana. In na ji warin ba na jiran a gayyace ni, shiga nake in rufe kan tukunyar, in buɗe tagogi, in sa a kira mai gyara. Suna ce mini uwar shisshigi, su yi ta faɗa, ba zan daina ba. Wani lokaci nakan yi kewar bakin fadama da ƙawayen da aure ya warwatsa, har da mitar Gwaggo. Sai in hau mota in tafi Bakura, in iske Inna ta tsufa, gashi fari fat, jikoki kewaye da ita, tana ba su labari mai tsawo ba tare da ta tsaya neman numfashi ba. Da ta yi shiru a ranar nan, ban san ko wa zai ba su labarin ba.