Shafin da Yake Tsayawa a Harafin M

Akwai wata Laraba a rayuwata ta aiki wadda ba na jin za ta fita daga raina muddin ina numfashi. Na manta fuskokin shugabanni da dama da na yi aiki a ƙarƙashinsu, na manta jawaban da aka yi ranar sallamata, amma wannan yini yana nan a gabana daki-daki.

A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, ni kuwa ina aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata babbar makaranta a Wudil. Na riga na yi ritaya daga koyarwa, aka sake kirana saboda an san halina game da takarda. Makarantar mishan na yi a garinmu, a hannun malaman da sukan sa yaro ya sake rubuta shafi guda saboda waƙafi ɗaya. Ban ga laifinsu a lokacin ba, har yau ma ban gani ba. Ma'aikatan ofis sukan yi tsit idan na shigo, hakan kuwa bai taɓa damuna ba.

A shekarar ne aka fara sa sunayen waɗanda aka ɗauka a shafin intanet na makarantar, domin na nesa su gani ba sai sun zo ba. Ni na buga jerin da hannuna, bisa tsarin haruffa, daga A zuwa Z. Kowane layi yana ɗauke da cikakken suna, da lamba, da jiha, da ƙaramar hukuma, da tsangaya, da sashe, duka a rubuce ba tare da gutsure kalma ko ɗaya ba. Aka liƙa kofi ɗaya a allon sanarwa, ɗayan kuma na miƙa wa malamar da ke kula da sabar, wato babbar na'urar da ke riƙe da shafin tana aika shi ga duk wanda ya nema. Ranar Juma'a za a rufe rajista. Wanda bai zo ba, a ba wani gurbinsa.

Tun farkon makon na lura cewa waɗanda suka zo daga nesa kusan duk masu sunayen farkon jeri ne. Na ƙasan jerin kuwa layukansu na sa hannu a rajista fayau. Na ɗauka sakacin yaran zamani ne, har na faɗi hakan a fili.

Da safiyar Larabar wani magidanci ya yi sallama a ƙofar ofishina, rigarsa duk ta yamutse saboda zaman mota. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da hanya da damina, sai ya ce daga wajen Zuru yake, sunan ɗansa ya zo dubawa.

Na ce, "Ai mun sa a intanet, don kada kowa ya sha wannan wahala."

Ya ce, "Yallaɓai, kwana biyar muna zuwa shagon intanet na garinmu. Shafin naku yakan fara sauka a hankali, a hankali, da ya kai harafin M sai ya cije. A sake, ya sake cijewa a nan. Mai shagon har ya fara yi mana dariya, wai makarantarku ba ta ɗaukar Yakubai da Yusufai."

Na kai shi gaban allo, ya ga sunan ɗansa can ƙasa, ya dafa bango ya yi godiya ga Allah. Sannan ya juyo ya ce, "Ni na samu na zo. Waɗanda ba su samu ba fa?"

Na roƙe shi ya zauna a inuwa ya jira ni, na nufi ɗakin sabar.

Malamar 'yar Wudil ce, iyayenta mutanen Lajawa, mace mai natsuwa wadda ba ta ɗaga murya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ta san matsalar, ta ma rubuto mini takarda a kai ranar Litinin. Gaskiya ce, takardar tana kan teburina, na ajiye ta ban karanta ba saboda ba a sa mata kwanan wata ba. Ta bayyana mini cewa shafin ya yi nauyi, layin shagunan karkara kuma ba shi da ƙarfi, yakan yanke kafin kayan su gama isa. A ofis ba ma ganin haka domin muna kusa da na'urar.

Ta ce, "Baba, magani yana nan, kuma ba zai ɗauki lokaci ba. Zan ba sabar umarni ta riƙa matse shafin kafin ta aika."

Kalmar matsewa ce ta tayar mini da hankali. Na shekara talatin ina koya wa yara taƙaita labari, na san abin da ake yi: a ɗauki shafi uku a mayar da shi layi goma, a zubar da abin da aka ga ba dole ba ne. Na miƙe tsaye na ce, "Malama, wannan jeri hukuma ta sa masa hannu. Babu kalmar da ba dole ba a cikinsa. Ba zan yarda wata na'ura ta zaɓi wanda za ta zubar ba, ko da harafi ɗaya ne."

Ta ce, "Ba ta zubar da komai."

Na ce, "Abin da ya ragu, an rage shi. Wannan ko ɗan aji biyu ya sani."

Ta dubi kofin jerin da ke hannuna. Sai ta sa yatsa a kan layin jiha, ta bi shi zuwa ƙasa: Jihar Kano, Jihar Kano, Jihar Kano. Ta ce, "Baba, a zamaninku idan magatakarda ya zo wuri irin wannan, ba akwai wata alama da yake sawa a ƙarƙashi ba, mai nufin kamar na sama?"

Na ce, "Dito. 'Yan ƙananan zane biyu. An hana mu. Shugaban makarantarmu yakan ce alamar raggaye ce, kuma na ga an yi wa yaro bulala a kanta."

Ta yi murmushi ta ce, "To na'urar nan raguwa ce ta gaske. Duk inda ta ga abin da ta riga ta rubuta, sai ta sa alama ta ce a koma wuri kaza a kwafo. Amma alamar ba ta isa idon mai karatu. Kwamfutar da ke can Zuru ita za ta bi alamomin ɗaya bayan ɗaya ta cike gurbin, sannan ta nuna shafin cikakke. A kan hanya kawai yake a matse."

Na zauna. Na ga hikimar, amma ganin hikima daban, amincewa daban. Na ce, "Idan kwamfutar can ba ta iya cikewa ba fa?"

Ta ce kowace kwamfuta idan ta nemi shafi takan faɗa wa sabar ko ta iya warware matsattsen saƙo. Wadda ta ce ta iya, a aika mata a matse. Wadda ba ta ce ba, a aika mata yadda yake. Wannan ladabi na tambaya kafin aikawa ya burge ni, ko da yake ban nuna mata ba.

Na gindaya sharaɗi. Na ce ta yi gwajin, ta buɗe matsattsen shafin daga wata kwamfutar, ta buga shi a takarda, mu gwada shi da na asali layi-layi, yadda ake duba rubutu a maɗaba'ar mishan: ɗaya yana karantawa da murya, ɗaya yana bi da rula. Ta dubi kaurin takardun, ta dube ni, ta ce, "Duka, Baba?" Na ce, "Duka."

Ta fara adana kofin tsohon fayil ɗin umarnin, kafin ma in ce ta yi, abin da ya ɗaga darajarta a idona. Sannan ta ƙara layuka 'yan kaɗan. Na sa ta fassara mini kowanne na rubuta a littafina: a matse rubutu, kada a matse hoto domin shi a matse yake tun asali, a ƙyale tsofaffin kwamfutocin da aka san suna rikicewa. Ta sake tayar da sabar. Na yi tsammanin jin wata ƙara ko ganin wata fitila. Babu abin da ya faru, sai fanka da ke juyawa.

Muka zauna karatu. Ita ke karanta sabon bugu, ni ina bin kofina da rula. Na ce ta riƙa faɗin waƙafi da aya, ta faɗa. Da azahar ta tafi ta yi salla, na tsare wurin da muka tsaya da rular, ta dawo muka ci gaba. Muryarta ta fara dushewa, ba ta yi ƙorafi ba. Ta taga ina hango mutumin Zuru a inuwa, ya cire takalmansa.

A harafin S ta karanta, "Jihar Jigwa."

Na buga tebur. Na ce, "Tsaya! Sake karantawa." Ta sake. Na ce, "Ga shi nan. Na'urarki ta haɗiye harafi. Yau harafi, gobe sunan mutum." Ina jin kunyar faɗi, amma daɗi na ji a lokacin.

Ta miƙo hannu cikin ladabi ta ɗan zame rulata zuwa ƙasa, ta ce, "Baba, duba naka."

Na gyara tabarau na duba. Jihar Jigwa. A kofina, wanda na buga da hannuna, na duba sau uku, na sa hannu a gefensa. Idona ya daɗe yana karanta abin da ya kamata ya kasance a wurin, ba abin da ke wurin ba.

Ta ce a hankali, "Na'urar ba ta rage wa kowa, amma kuma ba ta gyara wa kowa."

Na ɗauki jan biro na yi wa kuskuren da'ira, na rubuta harafin sunana a gefe, kamar yadda zan yi wa kowa. Na ce, "Ci gaba." Muka kai ƙarshe ba mu sami bambanci ko ɗaya ba. Na ce mata ta bar umarnin yadda ta sa shi, kuma na ba ta haƙuri game da takardarta ta ranar Litinin. Ta ce ba komai, amma ta ƙara da cewa nan gaba za ta riƙa sa kwanan wata da manyan haruffa.

Bayan la'asar na kira mutumin Zuru, ya buga wa ƙanensa waya ya ce masa ya je shagon. Muka tsaya mu uku a baranda, inda waya ke kamawa. Jim kaɗan aka kira. Na ji muryar mai shagon tana fitowa daga wayar: "Ya wuce M! Kai, ya ma gama!" Na karɓi wayar na ce, "Bawan Allah, karanta mini layi na ƙarshe." Ya karanto sunan wata yarinya daga wajen Mubi, da lambarta, da sashenta, daidai da abin da ke hannuna. Na ce, "Akwai aya a ƙarshe?" Ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe." Malamar ta juya baya tana dariya.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, manyan motocin shanu sun cika hanya tun daga gada. Cikin wannan cunkoso suka riƙa isowa, masu sunayen ƙasan jeri, da jakunkunansu da gajiyarsu. Yarinyar Mubi ta shigo ana saura kaɗan a rufe, tare da kawunta. Ta ce ta riga ta fid da rai, ranar Alhamis da safe ta ce bari ta gwada sau ɗaya na ƙarshe. Na miƙa mata biro, na nuna mata layinta, ta sa hannu. Ban taɓa jin daɗin ganin an cike layi kamar wannan ba.

Ba duka suka zo ba. Akwai layukan da suka zauna fayau, kuma ban san ko wasunsu sun daina dubawa ne tsakanin Litinin da Laraba, lokacin da takardar malamar ke kwance a teburina. Wannan alhakin nawa ne, ina ɗauke da shi.

Ban daina son aiki cikakke ba, kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba. Abin da na koya shi ne, na shafe rayuwata ina auna cikar aiki a inda ya bar hannuna, alhali a inda ya isa hannun mai shi ake auna ta. Tun daga ranar, duk takardar da na gama, kafin in sa hannu nakan tambayi kaina ko za ta kai ga mutumin da ke layin ƙarshe.