Yanzu da Albasar Taubashina

Halina ne, Allah ya yafe mini: jikina yana wuri, hankalina yana kasuwar Goronyo. Ko a sallah sai in tsinci kaina ina cinikin buhu.

Wani rani ɗiyar ƙanwata, mai karatun likita a Sakkwato, ta kawo mini fura a lambuna na fadamar Wurno. Can nesa wani yana faskare. Ta ce, "Kawu, duba. Gatari ya sauka, sai daga baya mu ji ƙarar."

Na ce wannan ai ko jaki ya sani.

Ta ce ko abin da ke gaban hancina haka yake. Kafin ido da kunne su kai wa ƙwaƙwalwa saƙo, abin ya ɗan wuce. Wasu masana ma suna ganin ƙwaƙwalwa ɗinki take yi: ta haɗa abin da ya wuce da wanda take tsammani, ta kira shi yanzu.

Na ji daɗi ƙwarai. Ashe ba ni kaɗai ne a makare ba.

Lambun taubashina yana ƙasa da nawa. In fangalina ya cika, dole in toshe bakinsa da laka, in ba haka ba ruwan ya gangara masa. Wata safiya na saki ruwa, na zauna gwajin maganar yarinya: in tafa hannu, in saurara ko zan kama jinkirin. Ban kama ba. Ruwa kuwa ya tsallake ya kwanta a kan sabon dashen albasarsa, kuma shi ke nan irin da ya rage masa.

Ya taho a guje. "Kai bawana! Mi kaka yi ruwa ya ci min dashe?"

"Yi haƙuri, maigida. Masana sun ce ba mai ganin yanzu, kowa baya yake."

"Ƙiftawar ido sunka ce, ko tun hantsi?" Ya miƙo mini fartanya. "Shiga. Ga yanzun nan, har idon sawu."

Muka yi ta sare wa ruwa hanya har la'asar. Fangali biyu suka ruɓe, na cike masa da irina, sauran suka tashi. Abin da ban gaya masa ba, tun da na taka lakar nan, ranar ban leƙa Goronyo ko sau ɗaya ba.