Turken da Elwin Bai Duba Ba

A garinmu Velmar, a Dakota ta Arewa, an jefa wa dogon rumbun alkama bam fiye da sau dubu goma, amma ko bulo ɗaya bai faɗo ba. Ni da Elwin Kovarik muna cikin masu ƙirgawa. Wurin aikinmu tudu ne a bayan gari, tirela huɗu masu ruwan toka, da na'urar rada a kan rufi tana juya kai tana bin jirage.

Jiragen ba sa ɗauko bam. Mai saiti a cikin jirgi zai hango rumbun a tasa na'urar, ya kunna wani siririn sauti a rediyo, in ya iso daidai inda zai saki bam sai ya katse sautin. Nan take alƙalamin da ke zana hanyar jirgin a kan teburinmu zai ɗaga. Daga wannan ɗigon mu lissafa iska da gudu da tsayi, mu gano inda bam ɗin zai faɗa da a ce akwai shi, mu auna tazararsa da kusurwar rumbun, mu karanta wa jirgin makinsa. Ƙafa ɗari biyar, ka koma gida ka ci nama. Ƙafa dubu huɗu, ka fara tunanin wata sana'a. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa rundunarmu, ta bazu a ƙananan garuruwa irin namu, wasu ma a jirgin ƙasa ake yawo da su. Abin tinƙahonmu ɗaya ne: in mun faɗi lamba ta zauna, Janar ma ba ya musu da mu.

Elwin ɗan manomi ne daga Nebraska, na shida cikin 'ya'ya tara. Gona ba ta isa kowa ba, ya shiga soja a 1952. Dogo ne mai manyan kunnuwa, magana sai an matsa masa, lissafi kuwa kafin ka ɗauko fensir ya gama shi a ka. Ya zo Velmar a 1958, ya auri Arlis, 'yar mai shagon kayan gini, yana Saje mai igiya huɗu a hannun rigarsa. Ni ne mai rediyonsa, Norbert Fettig, kuma ni ne mai surutun da shi bai iya ba.

Doka ɗaya ce ke riƙe da aikin duka. Kowace safiya shugaban aiki, wato Elwin, zai hau rufi ya sa ido a madubin na'ura, ya saita ta a kan wani turken ƙarfe da aka kafa a tsauni, mil uku daga wurinmu, sannan ya sa hannu a takarda cewa ya duba. In bai ga turken ba, sai a rufe tasha, ba a ba kowa maki ranar.

Wata safiya a watan Fabrairu na 1962 dusar ƙanƙara ta rufe gari, iska na kwasarta tana watsa wa mutum a fuska. Elwin ya hau rufi ya sauko, girarsa ta yi fari.

"Ban ga komai ba, Norb. Ko hannuna ban gani."

"To sai me? Jiya na'urar daidai take. Aljanu ne suka zo suka juya ta?"

"Doka ta ce a rufe."

"Kwana ɗari huɗu da sha ɗaya ba a rufe tashar nan ba, an rubuta a allo, Manjo mai tashar har hoto ya ɗauka a gabansa. Kai ne za ka je ka goge? Sa hannu, mutumina, gahawa na hucewa."

Ya sa hannu. Jirgi ɗaya kaɗai ya iso ranar, wajen ƙarfe sha ɗaya, kuma ba mu san yana ɗauke da mai jarrabawa ba. Sauti ya katse, alƙalami ya ɗaga, Elwin ya auna ya miƙo min takarda, na karanta. Ƙafa dubu huɗu da ɗari biyu. Sai wata murya ta fito a rediyo, ta saurayi.

"Velmar, ku sake dubawa don Allah. Na ga rumbun nan tar kamar tafin hannuna."

"Makinka ke nan, yallaɓai," na ce. "A sauka lafiya."

Washegari gari ya washe. Elwin ya hau rufi, ya daɗe bai sauko ba, har na leƙa in tsokane shi. Ya yafito ni da hannu. Na sa ido a madubi, turken yana can gefe guda, nesa da layin tsakiya. Ƙasa ce ta daskare ta kumbura, ta ɗaga ƙafar tirela ɗaya ba wanda ya ji.

"Zan je wurin Manjo," in ji shi.

"Ka je ka ce masa me? Ka sa hannu a kan ƙarya? Igiyoyin nan duka za su tsinke, ƙila har gidan kaso. Arlis cikin wata bakwai gare ta, ka manta? Gyara abinka ka ja bakinka. Mutumin jirgin nan hafsan soja ne fa, Elwin. Su ba sa faɗuwa ƙasa, kullum akwai mai tare su."

Na faɗi haka da ƙarfin hali, kuma har da tsoron kaina a ciki, don ni ma sunana na takardar. Bayan wata guda aka aiko da tambaya daga sama: wani Kyaftin Merle Sundby ya kai ƙara, shin na'urar Velmar lafiyarta ƙalau ran nan? Elwin ya zauna da takardar a gabansa tun safe har aka tashi aiki, sannan ya rubuta cewa lafiyarta ƙalau. A nan ya san sunan mutumin, kuma sunan bai sake barinsa ba.

Daga ranar ya zama wani iri. Sau uku yake hawa rufi a yini, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Abokan aiki suka sa masa suna Mijin Turke, in ya kama tsani su ce a gaida amarya. Bai taɓa dariya ba, bai kuma taɓa fushi ba. Lambar yabo har biyu aka ba shi saboda ƙwazo, ya jefa su cikin akwatin kusoshi.

A 1966 aka kwashi wasunmu zuwa Vietnam da na'urori irin namu, aka juya aikin. A can mu ke gaya wa jirgi inda zai bi da lokacin da zai saki, kuma bam ɗin na gaske ne. Elwin ya je sau biyu. Da ya dawo na tambaye shi yadda abin yake, ya ce a can ba mai auna maka inda naka ya faɗa. Ya ajiye kaki a 1974, ya buɗe wurin gyaran rediyo da talabijin a garejinsa, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu. Mutane suna cewa mutumin kirki ne mai nauyin baki. Ni kaɗai na san abin da ke danne bakin, kuma in mun haɗu a coci sai in yi ta ba shi labarin kamun kifi don kada shiru ya shiga tsakaninmu.

A bazarar 1983 ya tsaya da motarsa a ƙofar gidana.

"Na samo shi. Yana Iowa, yana shara a wata makaranta."

"Wa?"

"Kada ka raina min hankali, Norb. Za ka raka ni ko ba za ka ba?"

"Shekara ashirin da ɗaya! Mutumin ya manta da ku duka."

"In ya manta sai mu sha gahawa mu dawo."

Na shiga motar, ba don zuciyata ta yi kyau ba. Ina so in ji da kunnena abin da zai faɗa a kaina.

Sundby ɗan ƙaramin mutum ne, kansa ya yi fari fat, gidansa ɗaki biyu a bayan gidan 'yarsa Jolene. Da Elwin ya ce daga tudun Velmar muke, sai ya tuntsire da dariya ya tafa hannu.

"Mutanen tudu! Ashe kuna da fuska? Ni na ɗauka murya ce kawai a cikin akwati. Ku shigo, ku shigo. Jolene, kawo kek ɗin nan, ga waɗanda suka kashe ubanki sun zo gaisuwa."

Wasa yake yi, har da ƙifta ido. Muka zauna a teburin kicin, ya zuba mana gahawa, ya ba da labarinsa ba wanda ya tambaye shi. An sauke shi daga jirgi a makon nan, aka tura shi kula da ɗakin barguna. Bayan shekara ya bar soja. Ubansa, da ya rataye hotonsa da kaki a falo, ya sauke hoton, ya mutu ba su shirya ba. Ya kama kwalbar giya, matarsa ta kwashe kayanta. Shekara goma sha ɗaya yana rubuta takardun ƙara, har ma'aikatan gidan waya suka san shi.

"Sai wata rana Allah ya buɗe min ido," in ji shi. Ya jawo kwalbar gishiri da gwangwanin sukari ya jera su. "Ga babban rumbu, ga ƙaramin da ke gefen layin dogo. A ƙanƙara duk ɗaya suke fitowa. Ƙaramin na saita, Saje. Girman kai ne ya hana ni gani. Ranar da na yarda laifina ne, ranar na ajiye kwalba, yau shekara goma ko ɗigo. Don haka ni godiya zan yi muku."

Na taka ƙafar Elwin a ƙarƙashin tebur. Na taka da ƙarfi. In an tambaye ni zan ce tausayin tsohon ne, kuma akwai tausayin, amma ba shi ne kan gaba ba. Elwin ya janye ƙafarsa.

"Yallaɓai, ba ƙaramin ka saita ba."

Ya faɗa masa duka, turken da ƙanƙarar da sa hannun farko da na biyu, da murya ɗaya kamar mai karanta rahoton iska. Sundby yana ta murmushi har tsakiyar labarin, daga nan murmushin ya tsaya a fuskarsa ba mai shi. Jolene tana bakin ƙofa da wuƙar yanka kek a hannu.

"A'a," in ji Sundby. "A'a, Saje. Na'urarku ba ta ƙarya. Na gano kuskurena, ga shi nan a gabanka."

"Na sake lissafin washegari, bayan na auna karkatar."

Sundby ya daɗe yana kallon kwalbar gishirin.

"Nawa na ci?"

"Ƙafa ɗari da tamanin. Duk shekarar ba wanda ya kai ka."

Ban taɓa ganin magana ta tsofar da mutum a zaune ba sai ranar. Ya ɗauki gishirin ya mayar wurinsa, ya ɗauki sukarin ya mayar.

"Me ya kawo ka? Na riga na gina ɗan abin da zan tsaya a kai. Ka yi tuƙin mil ɗari shida don ka sauke kayanka a kicin ɗina?" Ya numfasa. "Wa kuma ya sani?"

Elwin bai dube ni ba.

"Ni kaɗai."

Kofi na hannuna, bakina a buɗe yake ma, don na kai shi zan kurɓa. Na kurɓa.

A bakin ƙofa Elwin ya miƙa hannu, Sundby ya dubi hannun ya kau da kai. Sai ya kama nawa da hannu biyu ya girgiza.

"Kai dai na gode. Ba kowa zai rako irin wannan ba."

Mil ɗari shida muka dawo, a gidan mai Elwin ya tambaye ni ko ina jin yunwa. Da kaka ta shigo Jolene ta buga masa waya. Ubanta ya koma wa kwalba, makaranta ta sallame shi, kuma ta roƙi Elwin kada ya sake rubutu ko zuwa. Shi ya faɗa min, muna tsaye a garejinsa, yana buɗe bayan wani talabijin. Na ce sanyi zai zo da wuri bana.

Elwin bai sake zama lafiyayye ba. Ya daina karɓar gyara, ya daina zuwa coci, ya rame har zoben aurensa ya riƙa zamewa. Likita ya duba bai ga komai ba. Shekara shida ya yi a kujerar bakin taga, ya rasu a 1989, kafin a rufe tashar a kwashe tirelolin. Mu shida muka ɗauki akwatinsa, ina gaba ta hannun dama.

Bayan an watse daga maƙabarta Arlis ta riƙe min hannun riga. Ta tsufa, idonta ya bushe don kuka.

"Norb, shekara talatin ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan, ban san me ke cinsa ba. Na yi ta zaton ni ce. Kai ka fi kowa saninsa. Don girman Allah, ni ce?"

Na ce mata Elwin mutum ne mai zurfin ciki, ni ma ban sani ba.